Sankarar kaji: cutar da ke bi ta cikin ƙwai

Ku masu kiwon kaji, wataƙila kun taɓa yanka kaza kuka tarar hantarta ta kumbura ta cika ciki, ga wasu fararen ƙululu a kanta. Sau da yawa wannan alama ce ta sankarar kaji. Cutar ba ta kashe kaji gaba ɗaya kamar annoba. Ɗaya bayan ɗaya take ɗauka, a hankali, shi ya sa mai kiwo kan daɗe bai gane ta ba.

Mene ne ke kawo ta?

Wata ƙwayar cuta ce, irin wadda ake kira birus. Ƙarama ce ƙwarai, ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna ta. Tana cikin dangin da masana ke kira retrobirus. Ƙwayar cutar sida ma daga wannan dangi take, amma ta kaji daban ce, ba ta kawo sida.

Jikin kaza an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. A cikin kowace ƙwaya akwai umarnin da take bi wajen girma da hayayyafa. Idan wannan birus ya shiga, sai ya saka nasa umarnin a cikin na kazar, ya zauna har ƙarshen rayuwarta. Wani lokaci umarninsa kan faɗa kusa da wurin da ke kula da girma. Daga nan sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, har ta zama ƙari.

Yaya aka gano ta?

A shekarar 1908, masana biyu na ƙasar Danmak, Vilhelm Ellermann da Oluf Bang, sun nuna cewa sankarar jinin kaji tana iya tashi daga wata kaza zuwa wata. A shekarar 1911, wani likita a birnin Niyok na Amurka, Peyton Rous, ya niƙa ƙarin wata kaza, ya tace ruwan, ya yi wa lafiyayyun kaji allurarsa. Su ma ƙari ya fito musu. Masana da yawa ba su ɗauki aikinsa da muhimmanci ba a lokacin. Sai a shekarar 1966, bayan shekara 55, aka ba shi lambar yabo ta Nobel. Binciken wannan cuta ta kaji ya taimaka wajen gane yadda sankara ke farawa a jikin mutum.

Yaya take yaɗuwa?

Babbar hanya ita ce ƙwai. Kaza mai ɗauke da cutar tana zuba ƙwayar a cikin farin ƙwai, sai ɗan tsako ya fito da ita. Irin wannan ɗan tsako yakan riƙe cutar duk rayuwarsa, yana zubar da ita a cikin kashi da miyau. Ta haka sauran ƴan tsaki da ke tare da shi suke kamuwa. Ku sani, uwar tana iya zama da kyan gani, tana ci tana sha, alhali tana ɗauke da cutar.

Mene ne alamominta?

Ƙarin ba ya saurin bayyana. Yawanci sai kaza ta kai mako 16, wato kusan wata 4, ko fiye. Ga abin da za ku lura da shi:

• Kaza tana ramewa, ba ta son abinci.
• Zankonta ya koɗe, ya yanƙwane.
• Cikinta ya kumbura, wani lokaci tana zawo.
• Ƙwai ya ragu.

Idan an buɗe cikinta, akan ga ƙari a hanta, da saifa, da ƙoda, da wata ƴar jaka da ke saman dubura.

Akwai wata cuta mai kama da ita, cutar Marek. Ita takan kama kaji tun suna ƙanana, tana shanye musu ƙafa ko fiffike, kuma tana da allurar rigakafi. Talo-talo da agwagwa su ma wani birus na wannan dangi yana sa musu ƙari. Malamin dabbobi ne zai taimaka muku ku bambanta su.

Tana da magani?

A'a. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Kada ku ɓata kuɗinku wajen sayen kafso ko garin magani a kasuwa. Waɗannan ba sa kashe birus.

Me za ku yi?

1. Kada ku sa kwanci da ƙwan kazar da ke ramewa, ko wadda ƴaƴanta suka saba mutuwa da kumburin hanta.
2. Ku sayi ƴan tsaki a wurin da kuka amince da shi. Ku tambaya ko ana gwada iyayensu.
3. Ku raba ƴan tsakin da kuka sayo da manyan kaji, domin ƙanana sun fi saurin kamuwa.
4. Ku fitar da kaza maras lafiya daga cikin sauran.
5. Ku share akurki, ku wanke mazubin ruwa da na abinci da sabulu da ruwan jabel. Ƙwayar ba ta daɗewa a wajen jikin kaza.
6. Wadda ta mutu, ku binne ta a rami mai zurfi ko ku ƙone ta.

Tana kama mutum?

Babu shaidar cewa tana sa wa mutum ciwo. Duk da haka, kada ku ci naman da kuka ga ƙari a cikinsa, kada kuma ku sayar wa wani. Ku dafa ƙwai da nama sosai.

Idan kun ga irin wannan hanta a kaji biyu ko uku, ku kai ta wurin ma'aikatan kiwo na garinku. Kafin ku sa kwanci na gaba, ku duba uwar da kyau, domin daga gare ta cutar ke shiga garke.