Matsayin Kwanson Harsashi a Yaƙin Samori Ture da Faransawa

Masana tarihi sun yi rubuce-rubuce da dama a kan bindigogin da sarakunan Afirka ta Yamma suka tari Turawa da su, amma ba kasafai ake waiwayar shi kansa harsashin ba. Wannan maƙala za ta duba kwanson harsashi ne, tare da ɗauko misali daga Almami Samori Ture na ƙasar Wasulu, wanda cibiyar mulkinsa take cikin ƙasar Gini ta yau.

Ita bindigar gargajiya ta baki ake ɗura mata albarushi da dalma. Amma bindigar Gras, wadda sojan Faransa suka rungume ta a 1874, harsashinta a haɗe yake, wato albarushi da dalma duk a kwanson tagulla guda. Samori ya riƙa sayo bindigogin zamani ta hanyar Saliyo. Da yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka irin waɗannan makamai, sai hanya ta fara tsukewa. Daga nan kwanso ya zama dukiya. Mayaƙansa, waɗanda ake kira sofa, sukan tsince shi bayan an tashi daga fagen fama, maƙera su sake ɗura shi.

To, a nan gizo ke saƙar. Duk lokacin da aka yi harbi, kwanso yakan kumbura, kuma idan aka yi ta maimaita shi, tagullar takan yi tauri har bakinsa ya tsage. Bugu da ƙari, idan cikin wani kwanso ya fi na wani faɗi, ƙarfin turin albarushi yakan bambanta ko da awon ɗaya ne. Sai wannan harsashi ya wuce ta saman abin da aka auna, wancan ya faɗi ƙasa, alhali maharbi bai sauya saiti ba. Wanda ya kumbura ƙwarai kuwa yana iya maƙalewa a bindiga ana tsakiyar artabu. Su Faransawa harsashinsu daga masana'anta yake zuwa, kowanne daidai da ɗan'uwansa.

Duk da haka, maƙeran nan sun taimaka wa Samori ya ci gaba da fafatawa har 1898, shekarar da aka kama shi, kafin ya rasu a Gabon a 1900. Saboda haka ya kamata malamai su nuna wa ɗalibai cewa jarumta ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya fi raba ɓangarorin biyu shi ne masana'antar da ke bayan kowace bindiga.