Kufai da Kangayen Ƙasar Kurfai: Shaidun Tarihi da Damina ke Cinyewa

Ƙasar Kurfai tana shimfiɗe ne a gefen kwarin Dallol Boso, cikin jihar Tilaberi, kuma babban garinta Filinge yana da tazarar kimanin kilomita 180 daga Yamai. Duk wanda ya ratsa ƙauyukanta, daga Shikal zuwa Tukunus, ba zai rasa cin karo da zaure marar rufi ko rumbun da ya durƙushe ba. Irin wannan gini shi Bahaushe ke kira kango, wurin da gari ya tashi ɗungurungum kuwa kufai. Baƙo ya kan ɗauki hotonsu don ya nuna talauci, alhali ga ɗan ƙasa kowane ɗaya babi ne na tarihi.

Magabata sun yi gini da abin da ƙasa ta ba su: tubalin laka, itace, kara da shuci. Ginin ƙasa kuwa yana rayuwa ne da hannun mai shi. Muddin ana sabunta yaɓe kafin ruwa ya sauka, ana kuma gyara indararo, soro ya kan ga jikoki. Ranar da aka daina, gara ta ci azara, rufi ya faɗa ciki, bango ya zaizaye har ya koma tudu. Gaskiyar masu iya magana, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Dalilan barin gida a Kurfai sanannu ne. A farkon ƙarni na 20 Faransawa suka kafa bariki a Filinge, suka tsara mulkin kanto, inda Mayaƙi Gado Namalaya ya riƙi ragamar ƙasar. Haraji da aikin tilas, wanda sai a 1946 aka soke shi, sun sa magidanta da dama yin ƙaura. Yunwar 1913 zuwa 1914, da ta 1931 wadda fari da fara suka haddasa a yammacin Nijar, sun watsa iyalai. Samari suka kama hanyar cin rani zuwa Kumasi da Ankara, wasu suka dawo da arziki, wasu suka zauna can. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙara rage dabbobi da mutane a karkara. Daga baya siminti da kwano suka shigo, mai hali ya gina sabon gida a bakin hanya, na kakanni ya zama turken awaki.

Saboda haka hoton kango shaida ne, amma shaidar da ba ta magana da kanta. Gani ya kori ji, sai dai ganin bango kaɗai ba ya faɗin wanda ya gina shi. Wajibi ne mai ɗaukar hoto ya nemi izinin mai gari da magada, domin kufai yana da masu shi, wani lokaci ma da kushewa a ciki. Sannan ya zauna da dattawa ya rubuta sunan unguwa, zuriyar da ta zauna a gidan, sana'arta, da dalilin tashinta. Ya ɗauki ƙofa da azara da kaurin bango, ya sanya rana da shekara. Haka kuma bai kamata a jira gini ya faɗi ba. Tsofaffin masallatai, rijiyoyi, rumfunan kasuwar Lahadi ta Filinge da gine-ginen tashar kiwon shanun Azawak ta Tukunus, wadda aka kafa a 1954, duk sun cancanci a ɗauke su tun suna tsaye.

Nijar ba ta rasa ma'ajiya ba. Akwai gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a Yamai a 1959, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama, akwai cibiyar CELHTO mai tattara tarihin baka tun 1968, ga kuma dokar kare kayan gado ta 1997. Tsohon garin Agadas, wanda ginin ƙasa ne, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Ƙauyen Kurfai ba shi da irin wannan gata, gatansa fada ce da ƴaƴansa.

Wayar da ke aljihun kowane saurayi a yau ta isa wannan aiki. Abin da ya rage shi ne masu gari da malaman lakwal su tattara hotunan, a wanke su, a ajiye kwafi a fada tare da bayanin dattawa. Kowace damina tana tafiya da bango, kowace shekara tana tafiya da tsoho. Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasar Kurfai lafiya.