Magadan BeOS

A watan Agusta na 2001 labari ya fito cewa kamfanin Palm, mai ƙera ƙananan kwamfutocin aljihu, zai saye kadarorin kamfanin Be da ke Menlo Park a jihar Kalifoniya a kan dala miliyan 11. Injiniyoyin Be da fasaharsu Palm ke nema. BeOS kuwa, babbar manhajar sarrafa kwamfuta da Be ya ɓata shekara goma yana ginawa, ba ta cikin lissafin Palm. Masu amfani da ita suka wayi gari da manhajar da ba mai gyara ta, ba mai sabunta ta, kuma rubutun tushenta na kulle a hannun wanda bai damu da ita ba. A cikin wannan watan ne wani mai rubuta manhaja, Michael Phipps, ya kira duk mai sha'awa da a zo a sake gina ta daga tushe. Suka sa wa aikin suna OpenBeOS. Shi ne yau ake kira Haiku.

Sai mutum ya san abin da suka rasa kafin ya gane dalilin wannan naci. Jean-Louis Gassée, Bafaranshen da ya riƙe babban muƙami a Apple, shi ya kafa Be a 1990 tare da Steve Sakoman. Ra'ayinsa shi ne Windows da manhajar Macintosh sun yi nauyi da kayan gado, don haka a fara daga fili, a yi abin da zai iya da sauti da bidiyo. A 1995 suka fito da kwamfutarsu, BeBox, mai furosesa biyu a lokacin da kowa ke da ɗaya a gida. A gabanta akwai jerin fitilu biyu masu hawa da sauka, suna nuna yawan aikin da kowace furosesa ke yi. Ba a sayar da ko 2,000 ba aka daina ƙera ta a farkon 1997. Manhajar da ke cikinta ce ta kama zukatan mutane. Kowace taga tana da nata zaren aiki, saboda haka in wata ta cije, sauran suna ci gaba da amsawa. A wuraren baje koli sukan kunna bidiyo da yawa lokaci guda a kan injin da Windows ke nishi da ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin ajiyar fayil, BFS, wanda Dominic Giampaolo ya yi babban aiki a kansa. Kowane fayil yana iya ɗaukar bayanai a jikinsa. Wasiƙar imel fayil ce mai zaman kanta, da sunan wanda ya aiko da ranar da ta zo manne da ita. Waƙa tana ɗauke da sunan mawaƙi. Kana iya tambayar kwamfutar ta kawo maka duk wasiƙun wane na wannan makon, ka bar tagar a buɗe, in sabuwa ta shigo sai ka ga ta bayyana da kanta. Wannan a ƙarshen shekarun 1990 ne fa.

Kasuwa ce ta ƙi su. A 1996 Apple yana neman sabon tushe ga Macintosh, ya taya Be, Gassée ya ƙi sallamawa don yana ganin tayin ya yi kaɗan. A watan Disamba Apple ya juya ya sayi NeXT a kan fiye da dala miliyan 400, Steve Jobs ya dawo gida ta wannan ƙofar. Be ya koma kan kwamfutocin Intel a 1998, inda Microsoft ya riga ya kama kowace kusurwa. Kamfanin Hitachi na Japan ya sa BeOS a cikin wasu kwamfutocinsa, amma mai saye ba ya ganin ta in ya kunna, sai ya bi wasu matakai da kansa. Daga baya Be ya kai Microsoft kotu a 2002, aka sasanta a 2003 a kan dala miliyan 23 da 'yan kai, ba tare da Microsoft ya amsa laifi ba. Kuɗin sun zo bayan an rufe shago. Fitowar BeOS ta ƙarshe ga jama'a ita ce R5 ta shekarar 2000.

Shawarar farko da su Phipps suka yanke ita ce ta riƙe aikin har yau, a ganina. Ba su ce za su ƙirƙiro manhajar mafarkinsu ba. Sun ce za su sake gina R5 kamar yadda take, ta yadda shirin da aka rubuta wa BeOS a 2000 zai tashi a kan tasu ba tare da an taɓa shi ba. Duk wanda ya taɓa zama cikin ƙungiyar sa-kai ya san abin da ke kashe ta: kowa da nasa buri, ba mai biyan kowa albashi balle ya tsawata. Wannan manufa ta rufe ƙofar gardama. In an yi saɓani a kan yadda wani abu zai kasance, sai a duba yadda R5 ke yi, magana ta ƙare. Sababbin dabaru aka ce su jira sai an gama.

Hanyar aikin ma akwai hikima. BeOS a rarrabe take kashi-kashi, na zane a allo daban, na ajiya daban, na sauti da bidiyo daban. Sai suka rarraba kansu, kowane rukuni ya rubuta nasa kashin, a cire na asali daga BeOS mai aiki a sa sabon a ga ko gidan zai tsaya, kamar mai sauya azarar ɗaki ɗaya bayan ɗaya alhali yana kwana a ciki. Sun sami 'yan abubuwan dogaro. Be ya riga ya saki rubutun Tracker da Deskbar, wato mai nuna fayiloli da sandar shirye-shirye, tun kafin ya durƙushe. Giampaolo ya rubuta littafi guda a kan yadda aka gina BFS, wannan ya taimaki Axel Dörfler, wani Bajamushe, wajen sake rubuta shi. Zuciyar tsarin kuma sun ɗauko ta daga NewOS, wadda Travis Geiselbrecht, tsohon injiniyan Be, ya rubuta don kansa. A 2003 aka yi rajistar ƙungiya mara neman riba a Rochester ta jihar New York don karɓar gudummawa, a 2004 aka sauya suna zuwa Haiku don kauce wa rikicin tambarin kasuwanci.

A daidai lokacin wani kamfani a Jamus, yellowTAB, yana sayar da Zeta, wadda aka gina a kan rubutun BeOS na asali. Ta riga Haiku shiga hannun mutane da shekaru. A 2007 kamfanin Access na Japan, wanda gadon Be ya faɗa hannunsa, ya ce bai san da wani lasisi ba, aka janye ta daga kasuwa. Masu tafiyar hawainiya, da suka rubuta nasu da hannunsu suka sake shi a ƙarƙashin lasisin MIT, su suka rage.

Tafiyar hawainiya ce kuwa ta gaske. Fitowar gwaji ta farko sai a Satumba 2009, shekara takwas da farawa. Ta huɗu ta zo a Nuwamba 2012, daga nan aka yi kusan shekara shida ba wata fitowa, har Satumba 2018. Mutane da yawa sun ɗauka aikin ya mutu. A cikin wannan shirun ne aka shigar da tsarin ƙunshin manhaja da Ingo Weinhold da Oliver Tappe suka gina. In ka sa sabon shiri, ba a warwatsa fayilolinsa cikin kwamfuta, ƙunshin yana nan a ɗaure, tsarin ne ke nuna abin da ke ciki kamar an kwance. In sabuntawa ta ɓata maka aiki, kana iya tayar da kwamfutar a yanayin da take jiya. An sha muhawara a kansa, don wasu tsofaffin masoya BeOS suna ganin ya saɓa wa sauƙin da suka sani. Ina ganin masu ginin sun yi daidai, domin ba yadda mutane ƙalilan za su kula da dubban shirye-shirye ba tare da irin wannan tsari ba.

Alƙawarin riƙe R5 shi ma yana da farashi. Don tsofaffin shirye-shirye su ci gaba da tashi, dole nau'in Haiku mai bit 32 ya riƙe GCC 2.95, tsohuwar manhajar da ke juya rubutun mai shiri zuwa harshen inji, wadda sauran duniya ta bari tuntuni. Suka yi dabarar haɗa tsohuwa da sabuwa a tsari ɗaya. Nau'i mai bit 64 kuwa ba ya ɗaukar shirye-shiryen BeOS, kuma shi sababbin zuwa suka fi saukewa. Wato abin da aka fara aikin dominsa yana komawa gefe a hankali, aikin kuma yana ci gaba.

Yawancin wahalar ba ta da daɗin labari. Kowace shekara ana fito da sabon katin intanet, sabuwar na'urar sauti, kuma ba kamfanin da zai rubuta wa Haiku direba. Sai suka gina wata gada da ke ba su damar ɗauko direbobin sadarwa na FreeBSD, daga baya har da na OpenBSD, su yi aiki da ɗan gyara kaɗan. Burauza ta fi komai cin rai, domin shafukan intanet ba sa jiran kowa. WebPositive, wadda aka gina a kan WebKit, ta daɗe a wuyan mutane 'yan kaɗan, musamman Adrien Destugues na Faransa. Na sa Haiku a wata tsohuwar laftof ta gwanjo da Windows ta gaji da ita. Cikin daƙiƙoƙi ta tashi, tagoginta masu ɗan kunne ruwan ɗorawa suna buɗewa nan take, LibreOffice yana aiki lafiya. Da na shiga wasu manyan shafuka sai burauzar ta fara tangal-tangal. A nan na ga girman abin da ke gaban mutanen nan, na kuma ƙara ganin girmansu.

Hannun da ke aikin suna sauyawa. Phipps ya sauka a 2007. A shekarar ce Haiku ta fara shiga shirin Google na ɗaliban bazara, wasu ɗaliban suka zauna har suka zama ginshiƙai. Shekaru da dama sukan haɗu a Dusseldorf a taron BeGeistert, su kwana biyu suna gyara tare. Tsofaffin ma'aikatan Be kuwa sun bazu: Giampaolo ya koma Apple, Geiselbrecht ya yi aiki a kan zuciyar manhajar Fuchsia a Google, hanyar Binder da ke cikin kowace wayar Android ma daga mutanen Be ta samo asali. A 2021 gudummawar jama'a ta kai ƙungiyar ta ɗauki Augustin Cavalier aiki na cikakken lokaci a kan kwantiragi, mutum ɗaya mai albashi a tsakiyar 'yan sa-kai. Fitowar beta ta biyar ta zo a Satumba 2024, shekara 23 da kiran Phipps, kuma har a lokacin ba su yarda su kira ta R1, wato fitowa ta farko kammalalliya, ba, don akwai kurakuran da suka lissafa da kansu suka ce sai an gyara tukuna.