Karatun Kemistiri a Aji Uku na Babbar Sakandare

Kemistiri, wato ilimin sinadarai, yana daga cikin darussan da ɗaliban ɓangaren kimiyya ke yi a manyan makarantun sakandare na jiharmu ta Kano da sauran jihohin Nijeriya. Mun tanadi wannan bayani ne domin ɗalibai da iyaye da malamai su san abin da shekarar ƙarshe ta ƙunsa, kasancewar a cikinta ne ɗalibi ke neman sakamakon da zai kai shi jami'a ko ya tsayar da shi. Jihar Kano ta daɗe da ba wannan fanni muhimmanci, domin tun 1977 aka buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa.

Matsayin darasin

Duk mai son karanta aikin likita, ko haɗa magunguna, ko aikin jinya, ko injiniyanci, ko aikin gona, wajibi ne ya sami kiredit a Kemistiri, wato daga C6 zuwa A1. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, su ne ke shirya jarrabawar kammala sakandare. Hukumar JAMB kuwa, wadda ta samu a 1978, ita ke shirya ta shiga manyan makarantu, inda ɗalibi ke ɗaukar darussa huɗu a kan maki 400. Mai neman aikin likita yana haɗa Turanci da Kemistiri da Fiziks da Bayoloji; mai neman injiniyanci yakan sa Lissafi a madadin Bayoloji.

Abubuwan da ake koyarwa

Babban ɓangaren aji uku shi ne sinadaran da suka ƙunshi kabon: man fetur da dangoginsa, mai da kitse, sabulu, sitaci, sukari da roba. Ana kuma karanta yadda ake fitar da ƙarafa daga duwatsu, kamar baƙin ƙarfe da alminiyom da kuza irin ta tsaunukan Jos, tare da yadda ake tace ɗanyen mai ta hanyar dafa shi a rarrabe, kamar yadda aka tsara matatar Kaduna da aka buɗe a 1980.

Sai dai jarrabawa tana ɗauko tambayoyi tun daga aji ɗaya, kuma ginshiƙinsu shi ne lissafin mol. Mol ɗaya na kowane abu yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³. Nauyin mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, kuma mol ɗaya na iskar gas yana cike lita 22.4 a daidaitaccen zafi da matsi. Ɗalibin da wannan lissafi bai zauna masa ba zai sha wahala a kowace takarda, komai yawan haddarsa.

Tsarin jarrabawa

Jarrabawar Kemistiri ta WAEC takardu uku ce: ta zaɓen amsa mai tambayoyi 50, da ta rubutun bayani, da ta aikin gwaji. A ta uku ana ba ɗalibi asid da alkali ya riƙa ɗiga ɗaya cikin ɗaya har launi ya sauya, ya maimaita awon har alƙaluma su yi kusa da juna, sannan ya yi lissafi da su. Haka kuma ana ba shi sinadarin da ba a faɗi sunansa ba, ya gano shi ta gwaji. Misali, aidin yana mayar da sitaci shuɗi mai duhu, shuɗiyar takardar litmos kuma tana komawa ja a cikin asid. Ana ba da maki ne a kan abin da ɗalibi ya gani ya rubuta daidai, tare da ma'aunin kowane adadi. Saboda haka wanda bai taɓa riƙe kayan awo ba sai ranar jarrabawa yana cikin hatsarin rasa kiredit.

Alaƙarsa da sana'o'inmu

Yawancin abin da ke cikin manhaja yana nan a sana'o'in da muka gada. A marinar Ƙofar Mata, tufa na fitowa daga ruwan baba da ɗan kore-kore, sai iskar oksijin ta mayar da ita shuɗiya. Masu sabulun salo suna dafa mai da ruwan toka, wanda alkali ne. Majema suna amfani da bagaruwa saboda sinadarin tanin da ke hana fata ruɓewa. Takin yuriya da manomanmu ke saye kuwa kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne. Malamin da ya fara darasi da irin waɗannan misalai yakan ga ɗalibai sun kama da wuri.

Kiyaye lafiya

A ɗakin gwaji, asid mai ƙarfi ake zubawa a hankali cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikinsa, domin yana iya tafasa ya fallatso. Ba a ɗanɗana komai, ba a zuƙar sinadari da baki, kuma a ɗaure mayafi da hannun riga nesa da wuta.

Kira

Muna kira ga shugabannin makarantu da su tabbatar kowane ɗalibi ya yi awo da hannunsa tun zangon farko. Iyaye kuma su riƙa tambayar 'ya'yansu sau nawa suka shiga ɗakin gwaji, su duba littafin da suke rubuta sakamakon gwajin. Ɗalibai su yawaita warware tambayoyin shekarun baya, su kuma nisanci satar amsa, wadda ke jawo soke sakamako. Allah ya ba da sa'a.