Kiɗan Ɓata da Taswirar Fita: Tarihin Sana'o'i Biyu a Wasan Metroid

Ranar 6 ga Agustan 1986 kamfanin Nintendo ya fitar da wani wasan bidiyo a Japan mai suna Metroid. Labarinsa na wata mafarauciya ce, Samus Aran, wadda aka tura duniyar Zebes a can sararin samaniya domin ta murƙushe 'yan fashin da suka sace wasu halittu masu zuƙe ƙarfin rai. Wasannin wancan zamani kan tura mai wasa daga hagu zuwa dama har ya kai ƙarshe. Shi kuwa Metroid sai ya jefa mutum cikin koguna masu kama da juna, babu taswira, babu mai nuna hanya, ga ƙofofin da ba sa buɗuwa sai an samo makamin da aka ɓoye a wani lungu. Da gangan aka gina wasan a kan ɓata, kuma daga wannan ɓatan sana'o'i biyu suka samu abin yi: ta mai tsara kiɗa da ta mai zana hanya.

Hirokazu Tanaka ne ya tsara kiɗan. Na'urar da ke hannunsa ba ta iya fitar da muryoyi da yawa a lokaci guda, amma ya ƙi bin yayin kiɗan nishaɗi mai tsalle-tsalle da ya cika wasanni a lokacin. Ya bayyana daga baya cewa burinsa shi ne a kasa raba kiɗa da ƙarar wurin, kamar dai kogon ne da kansa yake numfashi. Shi ya sa wasan ke buɗewa da wani gunji mai zurfi, ana ɗiga masa 'yan sautuka sirara jefi-jefi. A yankin Norfair mai aman wuta kiɗan na tafiya a hankali da nauyi. A yankin Tourian kuwa da ƙyar za a kira shi kiɗa, sai dai kumfar sauti mai tayar da tsikar jiki. Kiɗan da ke sanyaya zuciya sosai ya ajiye shi ne a ƙarshe, ga wanda ya ga bayan babbar abokiyar gaba, Mother Brain.

Yayin da Tanaka ke ƙara wa mai wasa kaɗaici, wasu na cin abinci da fitar da shi. A Japan kasuwar littattafan jagora ta riga ta kafu, domin littafin dabarun Super Mario Bros. ne ya fi kowane littafi ciniki a ƙasar a 1985. Da Metroid ya isa Amurka a 1987, yara suka koma zana koguna a takardar lissafi mai gidaje-gidaje, suna kwafe kalmar sirri mai haruffa 24 da wasan ke bayarwa don a ci gaba daga inda aka tsaya. Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya ɓarar da wahalar kwanaki. A shekarar ne Nintendo ya buga babban littafinsa na jagora mai baƙin bango, da taswirorin Zebes a ciki, ya kuma ɗauki ma'aikata masu amsa waya suna ba da shawara ga duk wanda ya maƙale. Mujallar Nintendo Power ta biyo baya a 1988. Ta irin waɗannan hanyoyi, da kuma bakin abokai a makaranta, aka riƙa jin cewa wanda ya gama wasan cikin ƙasa da awa biyar zai ga Samus ta cire hular ƙarfenta, a gane ashe mace ce.

Super Metroid na 1994 ya sauya lissafin. A karon farko wasan ya zo da taswirarsa, tana cika kanta yayin da ake tafiya. Duk da haka littafi bai rasa aiki ba, don taswirar ba ta nuna bangon da ke fashewa ko ramin da aka binne makamai. A Turai ma cikin babban kwali aka sayar da wasan tare da littafin jagorarsa.

Kiɗan wannan karo ya faɗa hannun Kenji Yamamoto da Minako Hamano. An ruwaito cewa wasu daga cikin kaɗe-kaɗen sun zo wa Yamamoto ne yana kan babur a hanyarsa ta komawa gida daga aiki, yana rera su a ransa. Sabuwar na'urar da wasan ya fito a kanta ta ba su damar saka muryoyin mawaƙa masu amo da ganguna masu nauyi, musamman a ƙasan Norfair, inda kiɗan ke sanar da mai wasa cewa ya shigo gidan dodon da ake kira Ridley tun kafin ya gan shi. Lokacin da kamfanin Retro Studios na jihar Texas ya gina Metroid Prime a 2002, Yamamoto ya ɗauko wannan kiɗa ya shimfiɗa shi a kogunan Magmoor. Tsofaffin masu wasa suna jin sa suka san irin wutar da ke gabansu. A nan kiɗan da kansa ya zama ɗan jagora.

Sana'ar littafi kuwa ta soma ja da baya. Tun 1995 Jeff Veasey ya buɗe shafin GameFAQs, inda masu wasa ke rubuta jagora kyauta. Wasu ma suka gano hanyoyin tsallake tsarin da masu ƙirƙirar wasan suka shirya, su ɗauko makami tun lokacinsa bai yi ba, abin da littafin kamfani bai taɓa koyarwa ba. Da YouTube ya zo, kallon minti biyu ya maye gurbin shafuka. Nintendo Power ta buga fitowarta ta ƙarshe a Disambar 2012. BradyGames da Prima, manyan masu buga jagora a Amurka, suka haɗe a 2015, sannan a ƙarshen 2018 aka sanar da cewa za a daina buga littattafan. Abin takaici ne, domin waɗannan littattafai aikin hannu ne na gaske: wani ya taka kowane ɗaki, ya gwada kowane bango, ya zana.

Kiɗan bai gamu da wannan ƙaddara ba. Masoya sun karɓe shi suna sake masa kaya: Grant Henry ya fara Metroid Metal a 2003 yana kaɗa shi da jita mai ƙara, a 2011 kuma gungun makaɗa daga ƙasashe daban-daban suka haɗa kundin Harmony of a Hunter don cikar wasan shekara 25. Da Metroid Dread ya fito a 2021, wanda kamfanin MercurySteam na Sifaniya ya gina tare da Nintendo, Yamamoto na nan a matsayin mai kula da kiɗan, masu neman hanya kuma suka nufi intanet, inda 'yan'uwansu suka ɗora cikakkun taswirori cikin 'yan kwanaki.