Liyari da Makbul: Tsoffin Kuɗin da ke Cikin Adudun Kakanninmu

A gidajen Hausawa da yawa daga Mai Wurno zuwa Rusairis akwai tsoffin tsabar kuɗi a ƙasan adudu, wasu an huda su an rataya wa yara. Kowane ɗaya shaida ne a kan hanyar da iyayenmu suka biyo.

A ƙasar Hausa wuri ne kuɗi. Da Barth ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da liyari ɗaya. Mai niyyar hajji ba zai iya jan buhunan wuri zuwa gabas ba, sai ya mayar da dukiyarsa liyari, wato azurfar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Teresa, wadda ake karɓa tun daga Borno har Sawakin. Wanda ya ga 1780 a jikinta kada ya ɗauka shekarar da aka buga ta ke nan. Shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma da ita aka ci gaba da bugawa bayan haka. Ƙasar da ta saba da liyari ita ce jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka ratsa bayan yaƙin Burmi a 1903, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya sauka da su a bakin Shuɗin Nilu.

Kafin isowarsu, Sudan ta riga ta buga nata kuɗin. Mahadi ya fara a 1885, sannan Halifa Abdullahi ya fitar da riyal a Umdurman a 1304 Hijira, an rubuta masa "makbul", wato karɓaɓɓe. Na farkon akwai azurfa sosai a cikinsa. Yayin da yaƙi da yunwa suka matsa wa baitulmali, aka riƙa rage azurfa ana ƙara jan ƙarfe, har na ƙarshe suka kusan zama jan ƙarfe zalla kafin yaƙin Karari a 1898. Wanda ya jera su bisa shekarunsu zai karanta halin daular a launinsu.

Haka masana suke yi a Italiya. Tsabar tagulla da birnin Kafuwa ya buga da harshen Oskan, lokacin da ya bi Hanibal tsakanin 216 da 211 kafin haihuwar Annabi Isa, tana cikin shaidun wannan tawaye ga Rum.

Yanzu da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya kai ga wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa a Khartum, abin da ke hannun jama'a ya ƙara daraja. Kada a kai shi wurin maƙeri a narke, kada a goge shi da yashi ko lemon tsami, domin rubutun ke tafiya. A ɗauki hoton fuska biyu, a tambayi dattawa wa ya zo da shi, daga ina, a wace shekara, a rubuta a ajiye tare da shi tun masu sanin suna raye.

Allah ya jiƙan magabatanmu.