YADDA AKE ƊAUKAR WAƘA A SITUDIYO: DAGA GARMAHO ZUWA KWAMFUTA

A gidajenmu da dama na ƙasashen waje, za ka iske yaro ya kulle kansa a ɗaki da kwamfuta da makirufo, ya ce yana haɗa waƙa. A cikin gidan kuma akwai akwatin kaset-kaset na Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da mahaifinsa ya taho da su daga gida, suna nan suna lalacewa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda aikin ɗaukar sauti yake, domin iyaye su san abin da 'ya'yansu ke yi, su kuma san yadda za su ceci abin da ke cikin wancan akwati.

Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1877 ne Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar da ke ɗaukar murya ta kuma maimaita ta. Bayan shekara goma, a 1887, Emile Berliner ya fito da faifai mai faɗi, wato faifan garmaho. A wancan zamani babu makirufo. Mawaƙi zai tsaya ne gaban wani babban ƙaho ya ɗaga murya, ƙarfin muryar ya girgiza allura, allurar ta yi zane a jikin kakin zuma. Mai kayan kiɗa mai ƙara sai a tura shi can baya, mai siririyar murya a matso da shi bakin ƙahon. Sai a 1925 aka fara ɗauka da makirufo da wutar lantarki. Duk da haka gefe ɗaya na faifai ba ya wuce kamar minti uku, kuma idan mutum ɗaya ya yi kuskure, kowa sai ya sake daga farko.

Kamfanin AEG na Jamus ya nuna na'urar ɗauka a kan zaren tef a birnin Balin a 1935. Tef ya ba da damar a yanke wurin kuskure da reza a liƙa wani. Daga baya aka raba faɗin tef ɗin zuwa layuka, kowane layi da nasa sauti. Makaɗin jita Les Paul ya karɓi na'ura mai layi takwas daga kamfanin Ampex a 1957. Ƙungiyar Beatles ta ɗauki faifanta na Sgt. Pepper a situdiyon Abbey Road da ke Landan da na'urori masu layi huɗu, ya fito a 1967. A shekarun 1970 manyan situdiyo suka koma layi 24. Kaset kuwa kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, faifan CD ya biyo baya a 1982, manhajar Pro Tools a 1991. A yau kwamfutar tafi-da-gidanka tana ɗaukar layuka fiye da duk waɗancan na'urori.

Ɗaki Da Makirufo

Abu na farko da sabon shiga ke rainawa shi ne ɗakin kansa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, ya bugi bango ya dawo, makirufo kuma ya kwashe duka biyun. Shi ya sa muryar da aka ɗauka a ɗaki mai tayil take fita kamar daga cikin rijiya. Maganin wannan shi ne labule mai kauri, da darduma, da katifa a jingine a bango. Amma a lura, waɗannan amsa-kuwwa kawai suke shanyewa, ba sa hana ƙara fita zuwa wurin maƙwabta. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ma ba ya hanawa. Dalili kuwa shi ne sauti mai kauri yana da dogon zango: mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa ya kai tsawon mita uku da ɗoriya, babu abin da zai tare shi sai bango mai nauyi.

Makirufo iri biyu aka fi amfani da su. Akwai mai juriya irin Shure SM58, wanda ake gani a hannun mawaƙa a dandali tun 1966. Shi ba ya kwasar hayaniyar nesa, don haka ya dace da ɗakin da ba a gyara ba. Akwai kuma na situdiyo mai jin ƙaramin motsi, wanda ke buƙatar wuta bolt 48 daga akwatin sauti da ke haɗa shi da kwamfuta. Wannan har numfashi da ƙarar firji yana ɗauka. A bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirufo, a sa 'yar raga a tsakani domin iskar da ke fita da haruffa irin su "f" da "b" kada ta bugi makirufon.

Ɗauka

Kwamfuta ba ta adana sauti sai ta mayar da shi lissafi. A ma'aunin CD, tana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa. An zaɓi wannan adadi ne saboda kunnen ɗan Adam yana ji daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, ƙa'ida kuma ita ce awon ya zarce ninki biyu na mafi siririn sautin da ake son kamawa. Sai dai lissafin yana da rufi. Idan sauti ya yi ƙarfi har ya bugi rufin, na'ura ta nuna ja, samansa ya yanke ke nan, muryar ta fashe, kuma gyara ba ya dawo da ita yadda take. Gara a ɗauka a hankali, a ƙara daga baya.

A nan ne aikin da ya bambanta da na yanzu. Su Shata suna zama ne tare da makaɗan kalangu da 'yan amshi, a ɗauke su gaba ɗaya a zama guda, kowa yana jin ɗan'uwansa, kiɗa yana sauri ko sassautawa bisa ga yadda mawaƙi ya ja. Waƙoƙin fina-finan Hausa kuwa akasari da fiyano irin na Yamaha ake fara tsara kiɗansu, sannan mawaƙi ya shiga shi kaɗai da abin sauraro a kunne ya hau kan kiɗan, 'yar amshi ta zo daga baya. Hanya ta biyu ta fi sauƙi da araha. Ta farko kuma tana da wani armashi da fiyano ba ya bayarwa, domin makaɗin kalangu yana matsa tsarkiya a hammata ya sa gangar ta hau ta sauka kamar maganar Bahaushe.

Haɗa Sauti

Bayan an gama ɗauka sai a zo haɗawa, abin da 'yan situdiyo ke kira miksin. Aikin yana kama da miya: kayan duk suna nan, gwaninta ita ce sanin gwargwado.

Da farko a daidaita ƙarfin kowane layi. A waƙar Hausa kalma ce sarauniya, don haka murya ce ke gaba. Sannan a raba wuri tsakanin lasifikar dama da ta hagu, amma murya da ganga mai kauri su tsaya a tsakiya. Sai tacewa: a kan murya akan yanke duk abin da ke ƙasa da kaɗawa 80, tun da gurnani ne kawai, a kuma rage fiyano a tsakanin 2,000 zuwa 5,000 inda haruffa ke bayyana. Sai matsewa, wato na'urar da ke danne wurin da mawaƙi ya yi ƙaraji domin wurin da ya yi raɗa shi ma a ji. Daga ƙarshe a ɗan yayyafa amsa-kuwwa. Masu koyo sukan cika ta don ɓoye aibin murya, sai baitin ya nutse.

Akwai kuma Auto-Tune, wanda Andy Hildebrand ya fito da shi a 1997, bayan ya yi aikin nazarin girgizar ƙarƙashin ƙasa wajen neman man fetur. Aikinsa shi ne jan muryar da ta kauce zuwa daidai. Da aka ƙure shi a waƙar Cher mai suna Believe a 1998, sai muryar ta fito kamar ta na'ura, salon ya bazu a duniya har ya cika waƙoƙin Kano. Illarsa ita ce idan aka ƙure shi, muryoyi sukan zama iri ɗaya, ba ka bambance wane da wane.

Gyaran Ƙarshe

Mataki na ƙarshe shi ne mastarin, inda ake daidaita waƙar gaba ɗaya ta yi daɗi a mota da waya da manyan lasifikokin biki. An daɗe ana gasar ƙure ƙara, amma dandali irin Spotify da YouTube suna rage ƙarfin waƙar da ta cika ƙara, saboda haka wanda ya matse tasa ya yi asarar armashi a banza. A ajiye ainihin aikin a tsarin WAV, wanda minti ɗaya ke cin kusan megabayit 10. MP3 yana zubar da wani ɓangare na sautin don ya ƙanƙance, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa.

Shawara Ga Iyaye

Na farko, kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga babba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Idan kana jin kiɗan da ke kunnen ɗanka daga inda kake zaune, ya yi yawa.

Na biyu, tsofaffin kaset. Zafi da laima suna cinye su a hankali. A samo rikoda mai lafiya, a goge kanta, a haɗa ta da wannan akwatin sauti na yaron, a kwafe kowane kaset a tsarin WAV ba tare da tacewa ba. A rubuta sunan mawaƙi da inda aka samo kaset ɗin, a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, kuma kada a yar da na asali. Musamman kaset ɗin biki ko saƙon murya da kakanni suka aiko daga gida, wanda babu kwafinsa a wurin kowa. Yaron ya san na'ura, uba ya san masu muryar, sai su zauna tare su yi aikin. Allah Ya sa mu dace.